Yarda da Abin da Ba a Sani Ba: Kuɗin Jirgi a Ma'aunin Fiƙihu

Sharaɗin farko da malaman fiƙihu suka gindaya wa kowane ciniki shi ne yardar mai saye da mai sayarwa, kuma tushen wannan sharaɗi yana cikin aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana mutane cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta kuma halatta fataucin da aka ƙulla bisa amincewar ɓangarori biyu. Sai dai yarda aikin zuciya ne da ba ya tsayawa sai a kan sani, domin wanda ya ce ya amince da abin da bai san iyakarsa ba, bakinsa ne ya furta, zuciyarsa kuwa tana rataye da wani adadi dabam da ta ƙiyasta. Daga nan malamai suka fitar da sharaɗi na biyu, wato kuɗin da za a biya da abin da za a karɓa su zama sanannu ga duka biyun a lokacin ƙulla ciniki. Yadda ake sayar da tikitin jirgin sama a yau, inda ake shelanta farashi guda sannan a riƙa ɗora masa ƙari hawa-hawa har ya zama wani abu dabam, yana gwada ƙarfin waɗannan sharuɗɗa biyu fiye da yawancin cinikin zamani.

Babu filin jirgin fasinja a gundumar Magarya ta Nijar, babu kuma a Dungas, wadda aka yanke daga jikinta a 2011, amma mas'alar ta shafi mutanen nan kai tsaye, saboda maniyyata aikin hajji da umara, da 'yan kasuwar da ke saro kaya a Dubai, da ɗaliban da ke karatu a Masar, da marasa lafiyar da ake fitarwa neman magani. Filin jirgi mafi kusa shi ne na Damagaram, manyan jiragen ƙetare kuwa daga Yamai suke tashi, kusan kilomita 900 daga Damagaram, don haka da yawa sukan ga Kano ta fi musu kusa, su bi ta Tinkim da Babban Mutum, ko ta Maigatari idan daga ɓangaren Dungas suka fito. Wannan yana nufin mutum ya sayar da bijiminsa ko riɗinsa da naira, ya yi lissafin gidansa da sefa, a ƙiyasta masa tikiti da dalar Amurka, ya kuma tanadi guziri da riyal, duk a cikin tafiya guda. A kan haka kuma, takardar tikitin da Faransanci ko Turanci take zuwa, alhali mai sayen na iya zama alaramma ne da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ko malamin da ya sauke Risala da Askari, wanda karatunsa mai zurfi bai ba shi hanyar warware haruffan da ke ƙasan takardar ba.

Wanda ya duba rasidin tikiti da kyau zai ga an rarraba kuɗin gida-gida. A layin farko akwai asalin kuɗin tafiya, wanda shi ne kamfani ke kira farashi, a ƙarƙashinsa kuma akwai jerin haruffa bibbiyu, kowane da adadinsa a gefe. Wasu harajin gwamnati ne, wasu kuɗin amfani da filin jirgi ne ko na binciken tsaro, kuma waɗannan kamfani karɓa kawai yake yi ya miƙa wa masu su. Amma a tsakiyarsu, cikin layi guda da haruffa iri guda, akan sami YQ ko YR, wanda ba harajin kowace hukuma ba ne, kuɗi ne da ke shiga aljihun kamfanin kansa. Wannan ƙari ya yaɗu ne daga wajen 2004 da sunan ƙarin kuɗin mai, lokacin da farashin ɗanyen mai ya fara hauhawa, kuma da man ya faɗo daga sama da dala 100 a kowace ganga a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, kamfanoni da dama ba su janye shi ba, sai aka wayi gari ana kiransa ƙarin da kamfani ya ɗora. Bayan wannan kuma sai kuɗin kayan da suka wuce kilo, da kuɗin zaɓen kujera, da tarar sauya rana, da la'adar wakilin da ya yanki tikitin.

Kalmar da fiƙihu ya tanada wa irin wannan duhu ita ce garari, wadda Hausa ta ara daga Larabci ta faɗaɗa ma'anarta har ake cewa wane ya shiga garari idan ya faɗa halin da bai san mafita ba. A ma'anarta ta ilimi, garari shi ne cinikin da ƙarshensa ya ɓuya, kamar sayar da kifin da ke cikin ruwa ko ɗan da ke cikin tunkiya, kuma hanin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a kansa ya zo a Sahihu Muslim ta hanyar Abu Huraira. Babban malamin Malikiyya na Masar, Alƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya bambanta shi da jahala a littafinsa Alfuruƙ, inda ya nuna cewa garari shakka ne a kan ko abin zai samu ko ba zai samu ba, jahala kuwa ita ce abin ya tabbata akwai shi amma ba a san siffarsa ko yawansa ba. Ya kuma kasa su mataki uku: mai yawa wanda aka haɗu a kan haramcinsa, da ɗan kaɗan wanda aka haɗu a kan yafe shi, kamar tushen ginin da mai sayen gida ba ya gani, da na tsaka-tsaki wanda a kansa ake saɓani. Tikitin jirgi haya ne, wato sayen amfanin abu ba sayen abin kansa ba, kuma malaman mazhaba sun ɗauki haya a matsayin 'yar'uwar ciniki a wajen wajabcin sanin lada.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa, a zahirin hukunci, yawancin tikitin da ake saya ba ya ɓaci saboda jahala, domin kafin mutum ya miƙa kuɗi an riga an gaya masa jimillar abin da zai biya, kuma lokacin ƙulla ciniki shi ne abin lura. Haka nan sayen abu bisa bayanin da ke rubuce a takarda ba baƙo ba ne ga mazhaba, tun da Imam Malik ya halatta a Muwaɗɗa a sayar da ƙunshin tufafi ba tare da an kwance shi ba, bisa dogaro da takardar da ta lissafa abin da ke ciki, muddin kayan sun dace da rubutun. Amma ingancin ƙulli abu ne guda, kuɓutar mai sayarwa daga zunubi kuma abu ne dabam, kuma a nan ne hujjar masu cewa ai an nuna jimilla take gaza kaiwa inda suke so. Mutumin Dogo-Dogo ko Sasumburum da wakili ya faɗa wa adadi ta waya, ya kai sansa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya sayar daidai da wannan adadi, ya biya kuɗin mota har Kano, sannan a gaban teburin wakili aka ce masa farashin nan ban da haraji ne, ya ji jimilla kafin ya biya, amma ya ji ta ne a lokacin da fasawa ta fi ci gaba hasara. San ya riga ya tafi, kuɗin mota ba ya dawowa, dangi sun yi masa rakiya da addu'a. Yardar da aka karɓa daga gare shi a wannan hali an gina ta ne a kan adadin farko, kuma jinkirta bayyana gaskiyar farashi har sai mai saye ya rasa hanyar komawa ya yi kama ƙwarai da algus ɗin da aka hana a hadisin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, domin shi ma bai hana kowa tura hannu cikin tsibin ba, ya dai tsara shi ne yadda ido zai yanke hukunci kafin hannu ya kai.

Batun sunan da ake ba ƙarin ya fi wannan zurfi, kuma babin da ya fi haska shi shi ne na murabaha, wato cinikin da mai kaya ke faɗin abin da ya kashe sannan ya nemi riba sananniya a kai. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya bi ɗawainiyar mai fataucin tufafi ɗaya bayan ɗaya: ladan dillali da na naɗe kaya da ɗaure su da hayar ɗakin ajiya ba a lissafa su cikin uwar kuɗi, kuɗin dakon kaya daga gari zuwa gari ana lissafa shi amma ba a ɗora masa riba sai an sanar da mai saye, abin da kuwa ya bar alama a jikin kayan, kamar rini da ɗinki, ana lissafa shi a kuma ci riba a kansa. Wannan tsantseni ya samo asali ne daga cewa murabaha cinikin amana ne, mai saye ya ajiye nasa binciken ya dogara da maganar mai kaya. Kamfanin jirgi ba dole ba ne ya faɗi abin da ya kashe, yana da damar ya ce kuɗin kujera kaza ne, wanda ya ga dama ya saya, kamar yadda mai rake a Wacha ba ya bayyana wa kowa abin da ya kashe a fadama. Amma daga ranar da ya zaɓi ya rarraba farashi ya ce wannan kashi na mai ne, ya shigar da kansa ƙarƙashin hukuncin amana a wannan kashin, domin ya ba da labari ne, labari kuwa ko gaskiya ne ko ƙarya. Idan kuɗin da aka kira na mai ba ya sauka in mai ya sauka, ko aka jera shi cikin haraji yadda mai saye zai zaci gwamnati ce ta ɗora shi, to an sa wa riba rigar tilas don kada a yi jayayya da ita. Illar ba ta tsaya ga suna ba, domin idan tafiya ta fasu, harajin da ba ya wajaba sai fasinja ya tashi amana ce a hannun kamfani wadda haƙƙinta shi ne a mayar, kuma wanda bai san wane kashi ne haraji wane ne riba ba, bai san abin da zai nema ba.

Ba tsada ce laifin ba, kuma ba bambancin farashi tsakanin fasinja da fasinja ba. Kamfanonin da ke aiki a Afirka ta Yamma suna sayen mai da kayan gyara da inshora da kuɗin waje, fasinjojinsu kaɗan ne, harajin da ke kansu mai nauyi ne, kuma rushewar Air Afrique a 2002, kamfanin da Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961, ta nuna cewa sana'ar ba ta da tabbacin riba. Kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa ta tafi ke nan, kamar tumatirin da ya kwana a kasuwa, don haka sauƙaƙa wa wanda ya saya da wuri da tsawwala wa wanda ya zo a ƙurarren lokaci yana da fuska. Annabi ma ya ƙi ƙayyade farashi a Madina da aka roƙe shi lokacin tsada, kamar yadda Anas ya ruwaito. Hujjar kamfani tana da ƙarfi a kan adadin da ya nema, amma ba ta da abin cewa a kan ɓoye shi.

Tashar mota ta fi filin jirgi koyar da abin da ke raba ƙarin da ya halatta da wanda bai halatta ba. A tashar Magarya, fasinjan Damagaram yana jin kuɗin mota daga bakin ɗan kamasho, sannan yaron mota ya ɗaga buhun geronsa ya ji nauyinsa, ya dubi ragon da za a ɗaure a sama, ya faɗi kuɗin kaya, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, duk kafin a ɗaura igiya. Wannan ma ƙari ne a kan farashi, amma babu mai kiransa ha'inci, saboda kowa ya san da shi tun daga gida, kuma ana yanke shi ne lokacin da buhun ke ƙasa, mai shi na iya ɗauka ya nufi wata mota. Haka idan aka ce dala ashirin, babu ɗan Nijar da zai zaci kuɗin Amurka ake nufi, ya san sefa 100 ne, kamar yadda ya san jika sefa 1,000 ce, domin al'ada ta riga ta fassara kalmar, kuma malamai sun ɗauki abin da al'ada ta sani tamkar abin da aka shardanta da baki. Rigima tana tashi ne idan direba ya tsaya a tsakiyar daji ya ce sai an ƙara, ko aka yi jinga da naira aka zo biya aka ce sefa ake nufi, abin da ya yawaita a bakin iyaka tun da darajar naira ta zube bayan an sake ta ga kasuwa a Yunin 2023, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Fiƙihu ya riga ya yi magana a kan garin da kuɗi iri-iri ke yawo a cikinsa, ya wajabta a ambaci wanda ake nufi idan babu wanda ya rinjaya. Matsalar tikitin jirgi ga mutumin karkara ita ce babu al'adar da za ta fassara masa shi, tun da wataƙila sau ɗaya zai hau jirgi a rayuwarsa, kuma wannan ya sa shi cikin hukuncin wanda malamai ke kira mustarsili, wato mai sayen da ya bayyana cewa bai san farashi ba ya miƙa wuya ga mai sayarwa, wanda Malikiyya suka ba shi damar warware ciniki idan aka ci amanarsa.

Malaman farko sun san matafiyi mai rauni ne a hannun mai abin hawa, shi ya sa Mudawwana ta Sahnun, wanda ya rasu a 854, ta keɓe babi guda ga hayar raƙuma da dabbobin hawa. Ƙa'idar mazhaba ita ce idan aka yi hayar da mai abin hawa ya ɗauki nauyin kai mutum ba tare da an ayyana dabba ba, kuma tafiyar ba ta fara ba, sai a biya lada gaba ɗaya don kada ya zama bashi a kan bashi. Amma Muhtasar na Halil ya togace hayar hajji, ya ce ɗan kaɗan ya wadatar a gabatar, kuma masu sharhi sun bayyana dalilin da cewa masu raƙuma sun sha karɓar dukiyar mutane su ɓace da ita. Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ya kawo a Risala cewa mai jirgin ruwa ba ya cancantar lada sai ya kai mutum inda aka yi alkawari, kuma Hausa, da ta kira na ruwa da na ƙasa da na sama da suna guda, ta sauƙaƙa wa mai nazari ganin kusancin mas'alolin. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne maganar Halil a babin hajji a kan azzalumin da ke tare hanya yana karɓar kuɗi: wajabcin hajji ba ya faɗuwa idan abin da yake karɓa kaɗan ne kuma ba ya warware maganarsa ya dawo neman ƙari. Ko a wajen zalunci tsagwaronsa, malamai sun bambanta wanda aka san iyakarsa da wanda ba a sani ba, domin na farko ana iya yi masa tanadi, na biyu kuwa yana rusa ikon da aka rataya wajabcin a kansa. Maniyyacin da hukumar aikin hajji ta Nijar, COHO, ta shelanta masa kuɗin kujera yana auna ikonsa ne da wannan adadi, kuma duk ƙarin da wani ya ɓullo da shi bayan ya biya yana taɓa lissafin da ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa kafin ya bar wa iyalinsa abin da za su ci.

Wasu hukumomi sun kai ga wannan matsaya ta hanyarsu. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1008 ta 2008 ta wajabta a nuna cikakken farashi tun daga tallan farko, a kuma ware haraji da kuɗin filin jirgi da ƙarin kamfani kowane da sunansa, Amurka ma ta tilasta tallata cikakken farashi daga Janairun 2012. A Disamban 2024 shugabannin ECOWAS sun amince a soke wasu harajin tikiti a kuma rage wasu kuɗaɗen da kashi 25 cikin ɗari daga farkon 2026, sai dai Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka abin da zai shafi mai tashi daga Yamai yana hannun hukumomin ƙasar ne. Wannan aiki shi ne abin da magabata ke kira hisba, wato sa ido a kan mudu da sikeli da maganar 'yan kasuwa, kuma ba ya buƙatar hukuma ta yanka wa kamfani farashi, ya isa ta hana shi kiran ribarsa haraji.

Mahaɗar da ta fi kusa da mutanen Magarya da Dungas ita ce wakilin da ke yankar tikiti a Damagaram ko Kano, wanda sau da yawa ɗan gari ne da ake salla sahu guda da shi. A fiƙihu shi amintacce ne, la'adarsa halal ce idan an san ta, amma ba shi da damar cusa ta cikin farashi ya ce haka kamfani ya yanka, kuma idan ya samu rangwame da sunan wanda ya wakilta shi, rangwamen na mai kuɗin ne. Kafin alƙalamin da yake karɓa shi ma yana da hukunci, domin Imam Malik ya hana wanda ake cinyewa idan ciniki ya fasu, Hambaliyya kuwa sun halatta shi, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta bi ra'ayinsu a 1993 da sharaɗin a ƙayyade wa'adin jira. Ko wane ra'ayi wakili ya bi, wajibi ne mai saye ya ji da Hausa, kafin ya kai dabbarsa kasuwa, jimillar kuɗin da irin kuɗin da ake nufi, da kwanakin da adadin zai tsaya bai motsa ba, da kilon kayan da aka yarda masa, da abin da zai dawo hannunsa idan biza ba ta fito ba ko ciwo ya kwantar da shi ranar tashi.